Bangaskiya a Bakin Murhu

Muna roƙon Edita ya ba mu ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, mu 'yan ajin ƙarshe, ba mu kuwa so mu ɗaure kayanmu mu bar kwaleji ba mu faɗe ta ba. Maganar a kan aikin hannu ce da sha'anin gida. Kowa ya sani, ran da aka kaɗa ƙararrawar aikin hannu sai ka ga fuskoki sun ɓaci, wani ya ce kansa ke ciwo, wani ya tuna yana da wanki, wani kuwa ya fito yana jan ƙafa kamar wanda aka aika da mugun labari. Mu kanmu da mu ke wannan rubutu mun yi haka, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, saboda haka kada wani ya zaci mun ɗauki kanmu mun fi kowa ne. Abin da ya sake mana ra'ayi shi mu ke so mu bayyana, ko Allah ya sa ƙannenmu su gane da wuri abin da mu ba mu gane ba sai da tafiya ta yi nisa.

A bazarar da ta wuce, sa'ad da aka rarraba mu ƙauyuka domin gwajin koyarwa, waɗansu daga cikinmu suka sauka a gidan wani malami, wanda ba za mu ambaci sunansa ko garinsa ba, gama ba tonon asiri ya kawo mu ba. Mutum ne mai ilmi, ya iya Turanci, ran Lahadi kuwa in ya tsaya a majami'a ya buɗe baki sai ka ce kada ya gama. Amma da muka kwana uku a gidansa muka ga abin da ya sanyaya mana jiki. Randar ruwan sha a buɗe ta ke kwana, kaji na hawa bakinta. Tuwo in an kwashe, ƙudaje su ke fara ɗanɗanawa. In an yi miya da nama, sai a kai masa ɗaki shi kaɗai ya ci ya ƙoshi, abin da ya rage a kwano shi ne rabon yara. Ƙaramin ɗansa, wanda ba a daɗe da yaye shi ba, yana ta fama da zawo, uwar tana ta kai da kawowa ita kaɗai, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga jiyya, maigida kuwa yana bisa kujera yana shirya wa'azi a kan ƙauna. Ba mu ga ya tara iyalinsa sun yi addu'a tare ba, sai daren da muka iso, wannan ma don ganin idonmu ne.

Wata rana da la'asar muka zauna gindin ɗorawa tare da wani dattijo maƙwabcinsa, wanda ba ya zuwa majami'a, muka tambaye shi cikin ladabi, "Baba, me ya hana ka zuwa ka ji abin da a ke faɗa?" Ya yi shiru, ya ɗan murmusa, ya ce, "Samari, malaminku ya iya magana, ban ƙi ba. Amma dangarmu ɗaya da shi. Abin da na ke ji ta cikin danga kullum ya ishe ni, ba sai na je na ji na ran Lahadi ba." Muka rasa abin da za mu ce masa, muka yi masa sai da safe muka tashi.

Tun daga ranar nan maganar dattijon ba ta bar mu ba. Malamin da ya fita daga kwalejin nan zai tsaya gaban jama'a a majami'a sa'a ɗaya ko biyu a mako. Sauran kwanakin kuwa gidansa ne littafin da mutanen gari za su riƙa dubawa, har waɗanda ba su san baƙi ba sun iya wannan karatu sarai. Suna lura da yadda ya ke yi wa matarsa magana, da abin da 'ya'yansa ke ci, da ko hannunsa ya san ƙotar fartanya. Gani ya kori ji. Saboda haka ra'ayinmu shi ne, aikin hannu da sanin sha'anin abinci da tsabtar gida suna cikin aikin bishara sosai, wanda ya raina su kuwa ya raina rabin abin da aka kawo shi nan ya koya.

Wanda ke shakkar wannan, ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya duba. Ubangijinmu Yesu bai soma koyarwa a fili ba sai da ya kai wajen shekara 30, kafin nan kuwa da sassaƙa mutanen Nazarat suka san shi, har Markus ya ba da labari a sura ta 6 yadda suka raina shi domin sun san sana'arsa da danginsa. Misalansa ma da yawa daga cikin gida ya ɗebo su: mace mai cuɗa yisti a cikin gari, da mai share ɗaki tana neman kuɗinta da ya ɓace, da tsohuwar riga da aka yi wa maho da sabon ƙyalle, da fitila, da gishiri. Bayan tashinsa daga matattu, almajiran nan biyu masu tafiya Imuwasu sun yi doguwar tafiya tare da shi yana yi musu bayani ba su gane shi ba, sai da aka zauna cin abinci ya gutsuttsura gurasa. A bakin tekun Tibariya kuma, kamar yadda Yohanna ya rubuta a sura ta 21, almajirai sun kwana suna su ba su kama kome ba, da suka fito gaci da safe suka tarar ga wutar gawayi an riga an hura, ga kifi a kai, ga gurasa, shi da kansa ya ɗauka ya ba su. To, in Ubangiji bai ji kunyar tsayawa bakin wuta ya ciyad da mutanensa ba, wane ne ɗan makarantar da zai ce takardar shaidarsa ta fi ƙarfin murhu?

Manzo Bulus ya yi karatu a wurin Gamaliyel, babban malamin Yahudawa, duk da haka da ya sauka Koranti gidan Akila da Biriskilla ya zauna, suna ɗinkin tanti tare, domin sana'arsu ɗaya. Dokas ta garin Yafa ba a rubuta mana ko wa'azinta ɗaya ba, amma ran da ta rasu gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka suna nuna masa tufafin da ta ɗinka. Timoti kuwa, bangaskiyar da Bulus ya yaba masa a wurin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ta fara zama, tun yana yaro aka san shi da Littattafai. Shi Bulus ɗin, da ya ke lissafa wa Timoti halayen wanda ya cancanci shugabancin ekklesiya, ya sa iya riƙon gida a ciki, ya nuna wanda gidansa ya gagare shi ba shi da yadda zai yi da jama'ar Allah. Masu bi na fari ma a gidajen zama su ke taruwa. Ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren sujada da masu tonon kufai suka gano, a garin Dura na ƙasar Sham, gidan wani ne aka gyara wajen shekara ta 240 ya zama wurin taro.

Waɗanda suka riga mu cikin aikin nan a ƙasarmu sun san haka. Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kama bawa yana yaro, aka 'yanto shi a teku a shekara ta 1822 aka kai shi Saliyo, ya koyi sassaƙa tare da karatu, bai kuwa hana shi zama bishop a shekara ta 1864 ba. Da mishan ta C.M.S. ta tashi daga birnin Zariya ta koma Wusasa a shekara ta 1929, da ƙasa aka gina majami'arta, ginin Hausa irin na magina na gari. Makarantar Gindiri, wadda mishan ta S.U.M. ta buɗe a shekara ta 1934 domin horon masu bishara da malamai, noma na cikin abin da aka kafa ta a kai. A shekara ta 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, bayan wahalar shekaru da Likita Walter Miller da abokan aikinsa suka sha. Da nufinsu littafin ya tsaya a hannun malamai ne, ai da sun bar shi da Turanci. Sun juya shi cikin harshen da a ke ciniki da shi a kasuwa, a ke kiran yara da shi su zo cin tuwo, domin a karanta shi a tsakar gida.

Mun san abin da waɗansu za su ce, gama mun sha jinsa a ɗakin kwana. Na fari su kan ce, "Iyayenmu sun sayad da awaki sun kawo mu nan domin mu huta da fartanya. In da noma da tufka su ke so mu koya, ai da sun bar mu a gida." Maganar nan da ƙanshin gaskiya a cikinta, ba mu kuwa ce a rage karatun littafi ko da shafi ɗaya ba. Amma a tambayi duk wanda ya riga mu fita, zai faɗi yadda albashi ke ƙarewa wata bai ƙare ba. Malamin da bai iya gyara ƙafar kujerarsa ba, bai iya noma ko kunya goma ta rama da kuɓewa a bayan gida ba, kome sai ya saya, ƙarshensa bashi, malami mai bashi a kasuwa kuwa bakinsa ya mutu. Ban da wannan ma, karatun da muka samu shi ya kamata ya ƙara wa aikin hannu amfani. Kakanninmu mata sun fi mu iya ɗinkin faifai nesa, mu kuma an koya mana yadda ƙuda ke kwaso cuta daga bayan gida ya kawo bisa tuwo. In aka gama sanin nan biyu a gida ɗaya, yaro ya tsira.

Na biyu su kan ce, "Girki aikin mata ne. Duk namijin da aka gani a bakin murhu za a yi masa dariya, a ce mijin-ta-ce ne." Mu ba mu ce namiji ya ƙwace muciya daga hannun matarsa ba, kowane gida da tsarinsa. Amma ran da ta kwanta ciwo, ko tana jego, ba kuwa dangi kusa tun da aiki ya kai ku baƙon gari, yara su kwana da yunwa ke nan domin kada a yi wa Malam dariya? Mai tsire namiji ne, mai shayi namiji ne, mai gasa burodi namiji ne, kullum suna bakin wuta, ba mai yi musu dariya. Abin da a ke yi a kasuwa domin kuɗi ba kunya, ƙaƙa zai zama abin kunya in an yi shi a gida domin ƙauna? Wanda mu ke bi ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bara ke yi a gidajen zamanin.

Na uku kuwa masu ibada ne, maganarsu ta fi ta sauran nauyi. Su kan ce, "Ku tuna da Marta da Maryamu. Wadda ta zauna tana ji ita aka yaba, mai hidimar girki kuwa aka tsauta mata." Gaskiya ne, akwai hatsari mutum ya dulmuya cikin hidima har ya rasa lokacin Maganar Allah, ba mu musa ba. Amma mu duba gidajenmu da kyau. Wace ce Marta a cikinsu? Ita ce matar da ta tashi tun asuba, ta yi daka, ta tafi rijiya, ta yi itace, ta yi girki, ta yi wanki, in aka buɗe Littafi da dare sai gyangyaɗi ya ɗauke ta, maigida kuma ya ce ba ta da himma. Ba ita ta zaɓi rabon Marta ba, ɗora mata aka yi. Duk mijin da ke so matarsa ta sami rabon Maryamu, sai ya ɗauke mata wani abu daga kayan Marta, ko ɗiban ruwa ne, ko faskare, ko riƙon yaro.

Na huɗu su kan ce wai wannan duk al'adar Turawa ce mu ke so mu cusa. Ko kusa. Ba mu ce a sayi tebur da cokula masu yatsu ba, tabarma da akushi sun isa. A wajen karɓar baƙo da riƙon sana'a da girmama na gaba ma, maƙwabtanmu Musulmi da dattawanmu masu bin addinin gargajiya suna da abin da za su koya mana da yawa, in mun sauke girman kai mun zauna kusa da su.

To, tun da ya ke magana ba ta cika tulu, ga kaɗan daga abin da mu ke ganin kowane gidan mai bi zai iya yi, wanda muka tsinta wurin iyayenmu mata da matan malamanmu da ajin kiwon lafiya.

Na farko shi ne zaman dare. Bayan an ci tuwo, kafin barci ya kwashe yara, a shimfiɗa tabarma kowa ya zauna, har baƙo da ɗan riƙo. A yi waƙa ɗaya, a karanta ayoyi kaɗan, yaron da ya iya karatu shi za a ba Littafin. Inda uwar gida ko kaka ba ta jin Hausa sosai, a juya mata da harshen gida. Maigida ya yi wa yara tambaya ɗaya ko biyu, kada ya mai da wurin majami'a ya shiga dogon wa'azi, minti 10 ko 15 sun isa. A yi addu'a bi da bi, a ambaci maƙwabcin da ba shi da lafiya da sunansa, ko wane addini ya ke bi, gobe kuwa a aika masa da kunu. In an yi faɗa da rana, a nan za a nemi gafarar juna a gaban yara, gama yaron da ya ga ubansa ya ce, "Na yi kuskure, ki yafe mini," ya koyi abin da ba a koyarwa a allo. Wajen rabon abinci kuma, a fara da yayayye da mai ciki da mai shayarwa, su jikinsu ya fi bukatar nama da ƙwai da wake, maigida ya biyo baya.

Na biyu kunun gyaɗa, wanda ya fi koko zalla riƙe yaro. A sami ɓararriyar gyaɗa gwangwani ɗaya, a tsince ta sarai. A soya sama-sama a kasko, a murje, a sheƙe ɓawon, a daka ko a niƙa har ta yi laushi. A dama da ruwa gwangwani shida, a tace da rariya ko ƙyalle mai tsabta. A ɗora ruwan a wuta, a tsaya kusa, gama ya kan yi bori kamar madara. In ya tafasa a zuba rabin gwangwani na shinkafar da aka jiƙa aka ɗan ɓarza, ko ƙullun gero, ana motsawa har ya nuna ya yi kauri. A sauke, sa'an nan a zuba ruwan tsamiya kaɗan kaɗan ana juyawa, a sa sukari daidai. Jariri nono zalla ya ke bukata har ya cika wata 6, daga nan a soma ba shi kunun, nono kuwa na ci gaba. Zuma kada a ba wanda bai cika shekara ɗaya ba. Tsintar gyaɗar nan da muka ambata kada a ɗauke ta wasa. A shekara ta 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bincika aka tarar wata guba ce da fumfuna ke haifarwa a jikin gyaɗar da aka haɗa musu abinci da ita. Gubar nan hanta ta ke ci, dafuwa kuwa ba ta kashe ta. Duk ƙwayar da ta yi fumfuna, ko ta motse, ko ta yi ɗaci, a zubar, kada ma a ba kaji.

Na uku kwaɗon zogale. Bishiyar ba ta da wuyar shuka, ko reshe aka kafa a jikin danga da damina ya kan kama. A tsinke ganyen, a wanke, a dafa har ya yi laushi, a tsane ruwan. A daka ƙuli-ƙuli da barkono da ɗan gishiri, a yanka albasa da tumatir, a cuɗa duka da ɗan man gyaɗa. Ganyen da ya yi yawa a shanya shi a inuwa, a daka, a ajiye domin miyar rani.

Na huɗu shi ne wanda da malamin nan da muka sauka gidansa ya san shi, da ɗansa bai galabaita haka ba, watau ruwan gishiri da sukari. Abin da ke kashe yaro mai zawo shi ne ƙarewar ruwan jikinsa. A tafasa ruwa lita ɗaya, a bari ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a motsa har su narke. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye, gama gishiri in ya yi yawa illa ne. A riƙa ba yaron da cokali kaɗan kaɗan, in ya yi amai a ɗan dakata a ci gaba, kada a hana shi nono ko abinci. Wanda ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Inda a ke samun ƙunshin garin da aka riga aka auna a ɗakin magani, shi ya fi. In an ga jini a bayan gidan, ko yaron ya ƙi sha, ko idanunsa sun faɗa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan. Kada a raina maganin nan don arharsa. A shekara ta 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, cutar amai da gudawa ta faɗa wa 'yan gudun hijira, ruwan da a ke ƙarawa ta jijiya ya ƙare, wani likita Ba'indiye, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa shayad da marasa lafiya irin wannan ruwa, masu mutuwa suka ragu daga wajen 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4.

Sauran aikin hannu. Rama in ta ƙosa a yanke, a ɗaure dami dami, a jiƙa a ruwa mako ɗaya ko biyu har ɓawon ya saki, a saɓule, a wanke, a shanya. Da dare ana hira sai a raba zaren sili biyu, a riƙa murzawa a cinya suna naɗe juna, ga igiya ta samu ba a kashe ko anini ba. Da igiyar nan a rataye goran duma a reshe kusa da bayan gida, a huda masa ƙaramin rami a kafaɗa da ƙusa mai zafi, a ɗaura wata igiyar daga wuyansa zuwa wani guntun itace a ƙasa. In an taka itacen sai goran ya karkata, ruwa ya tsiyayo, mutum ya wanke hannu biyu bai taɓa kome ba. A rataye sabulu a gefe, in babu a ajiye toka. Yara su kan mai da shi wasa, wasan kuwa shi a ke so. Faifai kuma, a tsaga kaba siri siri, a jiƙa ta yi laushi, a ɗauki ciyawa kaurin ɗan yatsa a naɗe ta da kabar, a lanƙwasa daga tsakiya, ana zagayawa ana ɗinke kowane zagaye da na bayansa da basilla. Ɗaya ya rufe randa, ɗaya ya rufe tuwo. A rataye ludayi mai dogon hannu a jikin randar domin kada kowa ya tsoma yatsunsa a ruwan sha. Ba a nan kwaleji kaɗai za a koyi waɗannan ba, kowace unguwa akwai tsohuwar da za ta yi murna in Malam da matarsa suka durƙusa suka ce, "Iya, koya mana." Sau da yawa ma ta nan zumunci ke somawa.

Muna da roƙo ga malamanmu, da fatan ba za su ɗauke shi rashin kunya ba. Yaro in ya makara, a ce ya je ya yi yankan ciyawa, in ya yi surutu a aji, a miƙa masa fartanya. Da haka mu ke koyon cewa aikin hannu horon mai laifi ne, mu kuma gobe mu koya wa namu 'yan makarantar haka. Muna roƙo a nemi wani horon dabam, a bar fartanya da darajarta. Muna roƙo kuma malamai su riƙa fitowa tare da mu ran aikin hannu, kamar yadda waɗansunsu ke yi, gama ran da muka ga babban malami ya naɗe hannun riga, ba wanda kansa ke ciwo. Ajin girki da kiwon yara kuma kada a bar wa 'yan'uwanmu mata su kaɗai, a sa maza su zauna a ciki, a kuma gwada mu a kai kamar yadda a ke gwada mu a lissafi.

Ku kuwa ƙannenmu da za mu bari a nan, watanni kaɗan ne tsakaninku da ranar da za a miƙa muku takarda a ce ga ƙauyenku. Can za ku tarar da danga, a bayanta kuwa akwai dattijo zaune yana saurare. Itace tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, hannun da bai saba da aiki a kwaleji ba da wuya ya saba bayan an soma kiran mai shi Malam.

Iyakar abin da mu ke da shi ke nan. Wanda ya ga kuskure a ciki, ga fili, ya ɗauki alƙalami ya gyara mana a fitowa ta gaba, za mu karɓa da hannu biyu. Allah ya ba mu gidajen da maƙwabta za su ji daɗin zama kusa da su. Amin.

Mu ne naku,
'Yan ajin ƙarshe.